Dalilin da Ya Sa Na Zaɓi Ƙaramin Tudu

Duk sanda kuka taru a gidan nan da salla, sai wani a cikinku ya tayar da labarin tafiyarmu Koriya, ku yi ta dariya kuna cewa Umma ta kai mu wani tsibin ƙasa da aka yayyafa wa ƙanƙara don kada kuɗinta su taɓu. Ni ma nakan taya ku dariyar, yau shekara goma sha biyar ke nan. To, yanzu na doshi sittin, mun dawo gida Kano mun zauna, kowannenku ya mallaki hankalinsa. Ina ganin ya kamata in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya tuna shi daki-daki, domin labarin da kuke bayarwa rabinsa kawai kuka sani.

Shekararmu ta tara ke nan a Kuala Lumpur. Muna zaune a hawa na goma sha ɗaya a wani dogon bene a Sri Petaling, inda ake jiyo ƙarar jirgin ƙasa daga kicin. Abbanku ya gama karatun digirinsa na uku, wata kwaleji mai zaman kanta ta riƙe shi yana koyarwa. Ni kuwa sana'ata a Jalan Tuanku Abdul Rahman take. Nakan bi shagunan yadi ɗaya bayan ɗaya in zaɓi mayafai da yadin abaya, in ɗaure su a aika wa masu shaguna a Kantin Kwari. Allah ya sa wa abin albarka, ba mu rasa komai ba. Walida, ke kina da shekara goma sha shida, kina shirin jarrabawar ƙarshe ta sakandare. Nura kana da goma sha ɗaya, Auta kuwa shida. In na yi muku Hausa ku mayar mini da Turanci, in kuna son ku yi gulmata ku koma Malayanci, kuna zaton ba na ji.

Nura, sai na yi maganar ƙafarka, ko da yake na san ba ka son a yi. An haife ka da ƙafar hagu a murɗe, tafin yana kallon ciki. An yi maka aiki sau biyu, ɗaya a Kano, ɗaya bayan zuwanmu Malesiya, aka miƙar da ita. Sai dai ta fi ta dama siranta, ta ɗan gaza ta tsawo, kuma idon sawun ba ya lanƙwasuwa yadda ya kamata. Kana tafiya, kana ma ɗan gudu, amma in tafiyar ta yi tsawo sai ƙafar ta kumbura. Wannan duk bai dame ka ba kamar yadda tausayin mutane ya dame ka. Shekara guda kafin maganar da nake yi, mun je hawan wani dutse a bayan gari wata Lahadi da safe. Muna tsakiyar hanya na ga kana jan ƙafa, sai na ce mu juya, kowa ya juya ba musu. Da muka iso gida ka tsaya a bakin ƙofa, takalminka a hannu, ka dube ni.

“Umma, in aka sake fasa wani abu saboda ni, ba zan ƙara bin ku ko'ina ba. Ku riƙa bari na a gida.”

Da Hausa ka faɗe ta, kai da ba ka cika yi ba, shi ya sa na san daga zuciyarka ta fito. Kuma na san halinka, irin na kakanka ne na wajen uba, in ka faɗi abu ka faɗa.

To, Abbanku ya yi wa Walida alkawari tun farkon shekara cewa in ta gama jarrabawa ita za ta zaɓi inda za mu je hutun Disamba. Ni na zaci za ta ce bakin teku. Wata Asabar muna cin abincin rana sai ta fito da wata takarda mai hotuna da ta karɓo a ofishin masu shirya tafiye-tafiye a Bukit Bintang, ta shimfiɗa ta tsakanin kwanon miya da na shinkafa. Hoton wani ƙaton dutse ne fari fat a Hokkaido, can arewacin Japan, mutane suna zamiya a kan dusar ƙanƙara da wasu dogayen falankai a ƙafafunsu. Wasan da suke kira siki ke nan. Ta ce ƙawayenta uku na makaranta can za su je da iyayensu, kuma a mako ɗaya za mu sauka in muka yi sauri. Auta ta hau tsalle a kan kujera, ita da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji. Abbanku ya gyara tabarau yana ta “Ikon Allah, ikon Allah.” Ya juya ya ce, “Nura, kai fa?”

“Boleh,” ka ce, da sauri, wato babu matsala.

Amma ni ina kallon inda idonka yake. Ba dutsen kake kallo ba, wani ƙaramin hoto ne a ƙasan takardar, na kujerun da ke rataye a jikin waya suna ɗaukar mutane zuwa sama, ƙafafunsu suna lilo a iska. Ka daɗe kana kallonsa, sannan ka ci gaba da cin abincinka a hankali.

Ranar Talata na tafi asibiti ni kaɗai wurin likitar gashin ƙashi da ke duba ka, wata Basiniya mai fara'a da ta san ƙafarka tun kana ɗan shekara uku. Na nuna mata takardar. Na yi zaton za ta ce a'a, in sami hujjar da zan kawo gida. Sai ta ce ai zai iya, har ma takalmin wasan, da yake mai tauri ne kamar an ƙera shi, zai riƙe masa idon sawu fiye da takalmin makaranta. Ta ce abu uku ne kawai zan kiyaye. Kada ya yi doguwar tafiya a ƙasa da wannan takalmi, domin nauyinsa zai gajiyar da ƙafar tun bai fara wasa ba. Kada ya fara a gangare mai tsayi. Sannan waccan kujera ba ta tsayawa, tana tafiya ake dirowa, kuma mai koyo yakan diro ne da duk nauyinsa a kan ƙafa ɗaya. Ta ce in nemi wurin da ake hawa da bel mai tafiya a ƙasa, irin na filin jirgin sama, mutum ya tsaya a kai kawai ya kai shi sama.

Daga ranar na shiga bincike kamar mai neman wa 'ya miji. Ni da ban san komai game da sanyi ba, na koma ofishin nan na Bukit Bintang sau uku har matar da ke wurin ta haddace sunana. Gaskiya ita ce wurin da Walida ta zaɓa shi ma yana da filin masu koyo, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai daga masaukin da za mu iya kamawa sai an shiga mota, an sauka, an taka a ƙasa da kaya a kafaɗa. Abin da ya fi tsorata ni ma ba wannan ba ne. Ƙawayen Walida sun saba zuwa, sun iya. Na san kwana biyu za a yi su ja ta zuwa sama, kuma na san Nura ba zai tsaya a filin yara da Auta yana kallon yayarsa tana hawa kujera ba. Zai ce sai ya bi. In na hana shi ya gane dalili, in na bar shi kuma ban san yadda zai sauko ba.

Maƙwabciyarmu Kak Rosnah, wata Bamalayiya da muke gaisawa a lif har muka zama ƙawaye, ita ta warware mini. Ta taɓa kai 'ya'yanta Koriya. Muka zauna a mamak ɗin ƙasan benenmu, shagon shayin nan na Indiyawa Musulmi da kuke sayo gurasar roti a wurinsa kullum, ta zana mini wurin a bayan takardar goge hannu. Ta ce ƙaramin wuri ne, awa biyu a bas daga babban birnin ƙasar, kuma waɗanda suka iya wasan ba sa ma zuwa don ya yi musu sauƙi. Gangaren mai faɗi ne, a kwance, bel biyu ne ke kai mutane sama. Daga ƙofar masauki zuwa kan ƙanƙara bai fi daga ɗakinmu zuwa lif ba. Ana ba da hayar takalma da falankai da hular kwano a nan ƙasan ginin, akwai ɗakin shan magani, kuma ɗakunan suna da kicin, ba sai mun yi ta fargabar abin da aka sa a abinci ba. Ta ƙara da cewa kuɗinsa bai kai rabin na Japan ba.

“Kin ga ai kin huta,” in ji ta. “Sai ki ce wa yara wannan ya fi araha.”

Ita da wasa ta faɗa. Ni kuwa na riƙe maganar har na hau sama.

Na sa Abbanku ya rubuta wa makarantar koyar da wasan ta wurin, daga ofishinsa don kada ku gani a kwamfutar gida. Muka bayyana musu yadda ƙafar take, muka roƙi a ba mu malami mai haƙuri wanda zai koya wa yara uku tare, kuma kada ya nuna ya san komai. Suka amsa cewa suna da wani dattijo da ya saba da irin wannan. Da amsar ta zo, Abbanku ya dawo da ita a buge a takarda, ya same ni a kicin kuna makaranta.

“Rabi, ni fa abin nan bai kwanta mini ba,” ya ce. “Na yi wa yarinya alkawari. Kuma kin san da kuɗin Japan ɗin a hannunmu.”

“Na sani, Malam.”

“To me zai hana mu kira ta mu gaya mata gaskiya? Ai ba yarinya ba ce, za ta fahimta.”

“Za ta fahimta,” na ce. “Kuma daga ranar za ta fara riƙe masa jaka, tana tambayarsa ko ya gaji. Awa ɗaya ba za a yi ba zai gane. Ka san shi.”

Ya yi ta juya takardar. Can ya ce shi dai ba zai yi wa 'yarsa ƙarya ba. Na ce ban nemi ya yi ba, ni ma ba zan ce babu kuɗi ba, zan ce wannan ya fi araha, kuma haka ɗin ne. Ya ce wannan wayo ne irin na 'yan kasuwa. Na ce to ai 'yar kasuwar ya aura. Bai yi dariya ba, amma ya yarda zai yi shiru, ya bar ni in ɗauki abin a kaina.

Walida, ba na jin kin manta ranar da na faɗa. Kin gama jarrabawa da kwana biyu, kina kwance a falo da rana kina hutawa. Na ce na duba, Japan ta yi tsada, Koriya za mu je. Kika tashi zaune kika dubi Abbanku, shi kuwa ya kafa wa jarida ido.

“Abba, ka yi alkawari.”

“Ummanku ta yi nata lissafin,” ya ce, bai ɗago ba.

Kika juyo kaina. Kika ce duk shekara ina aika kaya Kano buhu-buhu, amma sau ɗaya da kika nemi abu sai na tuna da tsada. Kika ce kin riga kin gaya wa ƙawayenki, da wane ido za ki dube su. Kika faɗi wata kalma ta Turanci mai nufin marowaciya, sannan kika shige ɗaki kika rufo ƙofa. A gidanmu na Fagge da na yi wa mahaifiyata haka da na kwana da zanen bulala a baya. Amma ban bi ki ba, domin a iya abin da kika sani ke ce mai gaskiya. Nura kuwa ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ko'ina ne daidai ne, in dai akwai ƙanƙara. Na ga yadda wuyansa ya saki, na ce a raina to madalla.

Shirin tafiyar kansa sai da ya cinye mana wata guda. Da fasfo ɗin Najeriya ba a shiga ko'ina da sauƙi, sai da muka kai takardar aikin Abbanku da ta makarantunku da ta zama, muka yi ta jira har biza ta fito. Kayan sanyi kuwa a garin da ba a san sanyi ba, sababbinsu sai masu hali. Na bi shagunan gwanjo da na sani a bayan Jalan Tuanku Abdul Rahman na tsinto muku riguna masu kauri da safar hannu. Ta Abbanku ruwan lemo ce mai ƙyalli, ta kai masa har gwiwa, ya ce shi ba zai sa ba, kamar mai gyaran titi. Walida kika ƙi zuwa gwaji, sai da ido na auna miki. Na ɗaure garin kunu da kuka da yaji da taliyar yara mai tambarin halal a akwati guda, kuka yi ta yi mini tsiya wai za a kama ni a filin jirgi. Ba wanda ya kama ni, kuma ku kuka cinye.

Mun isa wurin da hantsi. Da muka sauko daga bas sanyin ya mare ni a fuska har na kasa ƙarasa bisimilla. Auta ta durƙusa ta dumbuzi ƙanƙara ta cusa a baki kafin in kai hannu. Abbanku, cikin rigar da ya rantse ba zai sa ba, ya tsaya yana kallon itatuwa sun yi fari, yana karanta wata aya a hankali. Sannan muka ɗaga kai muka ga tudun. Ni kaina sai da na ji kunya. A hoto ya fi haka girma. Dutsen Dala ya fi shi tsayi nesa ba kusa ba, yara 'yan shekara huɗu ne ke ta gangarowa a kansa kamar 'yan tsaki.

“Wannan ne?” in ji Walida.

Malamin da aka ba mu sunansa Mista Han, dattijo mai furfura da guntun Turanci. Abin da ya yi a ɗakin hayar takalma shi ya sa har yau nake yi masa fatan alheri. Ya zaunar da ku ku uku a benci. Ya fara da Walida, ya cire mata takalmi, ya latsa tafin ƙafarta, ya girgiza kai, ya zura wani ɗan soso a ciki. Ya yi wa Auta haka. Da ya zo kan Nura ya yi daidai yadda ya yi musu, sai dai abin da ya sa a takalmin hagu ya fi kauri, kuma ya daɗe yana ɗaure shi. Ya ce kowane mutum ƙafafunsa biyu ba daidai suke ba, shi ma nasa haka. Ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba.

Ranar farko faɗuwa kawai aka sha. Ya koya muku yadda ake haɗa kan falankai a gaba a buɗe bayansu don a tsaya, da yadda ake tashi in an faɗi. Ni ina bakin fili da fulas ɗin kunu, yatsuna sun ƙage. A rana ta biyu na ga abin da ban taɓa gani ba. Nura ya hau bel ya kai sama, ya juyo, ya gangaro tun daga can har inda nake ba tare da ya faɗi ba, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya tsaya cak a gabana. A kan ƙanƙara babu ɗingishi, domin ba a ɗaga ƙafa. Wanda bai san shi ba ba zai iya nuna wace ƙafa ce ba. Ya ɗaga tabarau, hancinsa yana yoyo, ya ce, “Umma, kin gani?” Na ce na gani, na ce iska ce ke sa idona ruwa. Kafin la'asar ya riga yayarsa iyawa. Walida, ke doguwa ce, kina tsoron faɗuwa a gaban mutane, shi ya sa kike ta faɗuwa. A rana ta uku kika yi wata irin faɗuwa, falanki ɗaya ya tafi gabas ɗaya yamma, Nura ya bi ya tsinto miki su yana ba ki umarni kamar wani malami. Kika kwanta a ƙanƙara kina dariya har da riƙe ciki. Na ji daɗin dariyar nan, ko da yake da kika hango ni kin haɗe rai.

Kwana biyar muka yi, kuma ina lissafa su cikin mafi daɗin kwanakin da Allah ya ba ni. Ɗakin ƙasansa ne ke ɗumi, sai mu shimfiɗa barguna mu zauna a kai, ga tuwon garin shinkafa da miyar kuka suna tururi, ga safa a jere tana bushewa. Abbanku yana jan mu salla da hular sanyi a ka. Shi ya gwada wasan sau ɗaya, ya tafi da baya ya rungume wani shinge, ya ce ilimin ya ishe shi haka. A ranar ƙarshe kuka taru a kaina sai na gwada. Na sa takalman a ƙarƙashin doguwar riga, na ɗaure hular kwano a kan hijabi. Ban kai tsawon tabarma biyu ba na zube a gefe ɗaya, na kasa tashi, sai juyi nake kamar buhun gero. Nura ne ya zo ya gicciya falankansa a ƙasa da nawa don kada in zame, ya miƙo mini hannu biyu.

“Umma, kada ki ji tsoro. Ki jingina da ni, zan iya ɗaukarki.”

Na jingina, ya ɗaga ni. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar yaron nan daga gadon asibiti zuwa mota, daga mota zuwa bene. Kwankwasona ya yi mako biyu yana ciwo, ban taɓa jin ciwon da bai dame ni ba kamarsa.

Da muka dawo Kuala Lumpur, zafi ya karɓe mu tun daga ƙofar jirgi, rayuwa ta koma yadda take, sai abu ɗaya. Walida, ƙawayenki sun dawo da hotunansu su uku a ƙolin dutse, da labaran da ba ki cikinsu. Shekarar rabuwa ce, kowa zai kama hanyar jami'a, kuma wannan tafiya ita ce ta ƙarshe da za ku yi tare. Daga baya na lura sun daina kiran wayar gida. Ban san abin zai kai haka ba, ko kuma in faɗi gaskiya, ban tsaya na auna ba, hankalina duk yana kan ƙafar ƙaninki. Kika daina yi mini ko 'yar Hausar da kike yi, gaisuwa ma da Turanci. Na ji ki a waya kina gaya wa ƙanwata Asabe cewa Umma ta fi son kuɗinta da farin cikin 'ya'yanta. Ina tsaye a bayan ƙofa da kwandon wanki. Sau biyu na zo bakin ɗakinki da niyyar in faɗa miki, sai in jiyo Nura a falo yana ba abokansa labarin yadda ya koya wa yayarsa wasa, in juya. A shekarar ne ya shiga ƙungiyar ninkaya ta makaranta da kansa, ba wanda ya ce masa ya shiga, ya riƙa sa gajeren wando a gaban mutane.

Mun fi wata shida a haka. Sai da azumi ya zo, wata rana da yamma ina tuƙa tuwo, gumi ya jiƙa ni, kika shigo kicin kika tsaya a bayana.

“Umma, kawo muciyar, ki zauna.”

Na miƙa miki. Ba ki ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ki ba, muka ci gaba daga nan. Amma na san wani abu ya zauna a ranki game da ni, domin har kika yi aure ba ki sake roƙona wani abu mai tsada ba, ko kayan ɗakinki sai da na matsa kika zaɓa. Wannan shi ne abin da zaɓina ya ci, kuma ke kika biya ba tare da an tambaye ki ba. In aka mayar da ni wancan lokacin ƙaramin tudun zan sake zaɓa. Sai dai ya kamata a ce na gaya miki tun da daɗewa, bayan Nura ya girma, na yi ta ɗagawa saboda ban san ta inda zan fara ba. Ki yafe mini.

Da na kawo nan a rubutun, na ba Abbanku ya karanta don ya gyara mini inda na yi kuskure. Ya karanta a tsakar gida bayan sallar la'asar, ya cire tabarau, ya ce akwai abin da ban sani ba. Wai a jirgin dawowa, ina kujerar baya da Auta, Nura ya matso kusa da shi ya ce, “Abba, saboda ƙafata Umma ta zaɓi wurin nan?”

“Me ka ce masa?” na tambaya.

“Na ce miki ba zan yi ƙarya ba. Ce masa na yi ya tambayi uwarsa.”

“Ai bai taɓa tambayata ba.”

“To,” in ji Abbanku, ya mayar da tabarau ɗinsa.

Na daɗe zaune da takardun a cinya har aka kira magariba. Ban san abin da ka sani ba, Nura, ban kuma san tun yaushe ba. In ka karanta wannan, ka kira ni mu yi magana. Walida, ke kada ki kira. Ni zan zo gidanki.